Tashar da Dauda Ya Gina a Kan Ƙyaure

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar Dauda. A ƙarshen damina ya tafi, sabuwar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa. Ranar da aka binne shi an ba ni dama in yi magana, ban yi ba. Ban saba magana a taro ba. Yanzu na ga gara in faɗi abin da na sani tun hankalina yana jikina.

Sunana Sale. Maƙerin gwangwani ne ni, rumfata tana bayan Kasuwar Muda Lawal. Ina yin mazurari da murhun gawayi da ludayin awon mai, da fitilar aci-balbal lokacin da ake sayenta. Ban yi boko ba. Da gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci, abin da na samo a can da shi nake wannan rubutu.

Dauda mutumin kudancin jihar nan ne, Kirista, daga wani ƙauye a bayan Bogoro. Aikinsa a tashar jirgin ƙasa ta Bauchi shi ne canjin layi. In jirgi ya doso, shi ke jan ƙarfen da zai karkatar da shi zuwa layin da ya dace. Yana da ɗan ɗaki a ƙarshen tasha, ana ce masa ɗakin sigina. Rufin kwano ne, da rana kamar tanda. In ya zo aiki sai ya jingine baƙin kekensa a jikin bango, ya tuɓe rigar kakinsa ya rataye a ƙusar da ke jikin ƙofa, ya bar ƙofar a ɗan buɗe don iska. Mai nemansa ba ya tambayar kowa. Daga nesa ake dubawa. In ga keke ga riga, yana ciki.

Ni a lokacin dako nake yi a siton tasha, muna loda gyaɗa da auduga. Wata rana hannuna na hagu ya shiga tsakanin ƙarafan da ke haɗa tarago da tarago. Ba laifin kowa ba ne, ni na sa hannu inda bai kamata ba. Yatsu uku suka tafi. Mutane suka taru a kaina suna salati. Dauda ne ya ratso su, ya ɗaure hannun da jar tutarsa, ya ɗora ni a kariyar kekensa ya tuƙa har asibiti, babu riga a jikinsa. Ranar ko sunansa ban sani ba. Da na warke sai ya fara kirana Bakwai, saboda yatsun da suka rage. Ni kuma na sa masa Masta, don har ya bar aiki bai taɓa zama shugaban tasha ba. Da waɗannan sunaye muka kira juna har ya mutu.

Gari ya rikice a gabanmu ba sau ɗaya ba. Akwai lokacin da iyalinsa suka zauna a ɗakin matata har abin ya lafa. Akwai lokacin da shi ya riƙe hannuna ya fitar da ni daga unguwar da bai kamata a gan ni ba. Na binne mata da 'ya'ya uku, ba a rikici ba, ciwo ne. Shi ma ya binne nasa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Jirgi bai daina zuwa Bauchi a rana ɗaya ba. Raguwa ya yi ta yi, har ya zama sai dai a ji labarinsa. Dauda ya yi ritaya ciyawa tana cin layi. Ban ji ya yi ƙorafi ba. Wata rana sai ga shi a rumfata da jirgin wasan yara mai batir, ya tsinto a wajen 'yan gwanjo. Kai ɗaya da tarago uku, ja wur kamar barkono. Ya ajiye mini a kan uwar maƙera.

"Bakwai, wannan jirgi ba shi da tasha."

"To ni ne gwamnati?"

"Kai ne mai kwano."

Haka aka fara. Ya samo tsofaffin ƙyaure biyu, ya haɗa su, ya ɗora a kan ganguna a ɗakin baƙinsa a unguwar Reluwe. Matarsa Rifkatu, wadda muke kira Maman Iliya, ta tambaye shi inda baƙi za su zauna. Ya ce su tsaya, ai a tasha tsayuwa ake yi.

Ba wata tasha ya yi niyyar ginawa ba, tamu ce, yadda take lokacin da take da rai. Ma'auninsa tsinken ashana. Ya ce mutum ya gaza tsinke kaɗan, ƙofa ta ɗara shi kaɗan, daga nan ake auna sauran. Dogon layi da ƙarafan tsohuwar lema muka yi shi, mun bi masu gyaran lema na garin nan har suka fara ɓoye mana. Katakon da ke ƙarƙashin layi tsinken ashana ne, a yanke kan, a jiƙa a baƙin mai ya sha. Tsakuwa kuwa na ce mu zuba yashi, ya ƙi. Ya je tasha ya ɗebo tsakuwar layi ta gaske, ya daka a turmin Maman Iliya, ya tankaɗe da rariya. Turmin ya tsage. An daɗe a gidan nan ana ba shi tuwo ba a kallonsa.

Rufi nawa ne. Sai in buɗe gwangwanin madara, in ƙone fentin, in danna shi a kan haƙoran matajin ƙarfe har ya yi tudu da kwari irin na kwanon rufi. Na farko da na kai masa yana ƙyalli, ina jin na yi aiki. Ya juya shi a hannu ya ce, "Yaushe ka taɓa ganin rufin tashar nan yana ƙyalli?" Na koma na jiƙa shi a ruwan gishiri, na jefa a kan rumfata damina ta dake shi. Da ya yi tsatsa ya karɓa. Tankin ruwa gwangwanin tumatir ne, ƙafafunsa wayar keke. Na yi sikelin awon buhu, na yi bencin fasinja, na yi butar da ke bayan sito, na yi fitilar da ake lilo da ita. Duwatsun da ke bayan tasha shi ya gina su da ƙasar suri. Itatuwan dogon yaro busasshiyar saiwar tafasa ce aka juya ta sama, ganyen kuma soson katifa ne aka murje aka rina.

Mun yi kurakurai. Ciyawar farko da kokon rogo muka manna ta, don shi ke kusa kuma yana kamawa. Kyankyasai suka gano. Kafin mu farga sun cinye fadamar da ke gefen layi har katako. Dauda ya tsaya ya duba ɓarnar, ya ce, "Bana fari sun sauka." Daga nan muka koma ƙaro.

Sai maganar mutane, wadda ita ce dalilin wannan rubutu.

Dauda ba ya sa mai rai a tasharsa. Ya ce mai rai yana da ƙafa, ya zo ya kalla. Wanda ya tafi ne yake bukatar wurin tsayawa. In wani tsohon mutumin tasha ya rasu, ma'aikaci ne ko ɗan dako ko mai sayar da abinci, sai ya bari a share makoki, sannan ya je gidan ya roƙi ɗan ƙyalle daga tufar mamacin, faɗin yatsa biyu. Wasu su ba shi, wasu su sallame shi a ƙofa, bai taɓa jin haushi ba. In ya samu sai ya fere cikin kara da reza, ya fitar da mutum, ya sa masa tufarsa, ya tsayar da shi daidai inda ya saba tsayawa. Ba ya yi musu fuska. Tsayuwa yake kamawa. Mai tikiti da ɗan ranƙwafawarsa, mai usur da hannu a ƙugu, wani direba da ke jingina da ƙafa ɗaya a bango. Na ga mace ta shigo ɗakin nan, ba a nuna mata komai ba, ta miƙa yatsa ta ce ga babanta.

Ni ban taɓa sa hannu a wannan ba. Tun ina yaro aka koya mini ba a siffanta abu mai rai, a kan haka na tashi, a kan haka nake. Na gaya masa tun ranar farko: rufi da tanki da benci nawa ne, abin da ke numfashi nasa. Ko akuya ban yi masa ba. Mutum ne da ke yi mini ba'a a kan komai, daga yatsuna har hulata, amma a kan wannan bai taɓa cewa uffan ba.

Matata Hajara ta yi shekaru tana sayar da fura a gindin dogon yaron da ke bakin tasha. Da ta rasu ya zo gaisuwa, ya zauna, ya tafi. Bai roƙi ƙyalle ba. Bayan arba'in na je gidansa kai wani rufi, sai na ga an ajiye abu a gindin bishiyar. Rabin ɓawon gujiya ne, an kankare shi ya zama ƙwarya, an rufe da ɗan faifan kaba. Babu kowa a wajen.

"Ina mai furar?" na ce.

"Ta je sallah."

Na ajiye rufin. Na zauna a ɗakin har la'asar, shi yana aikinsa.

Wani lokaci ina tunanin abin da zai ce in ya ga yau. Na bi ta tashar kwanan baya. Awaki suna kiwo a tsakiyar layi, makanikai sun kafa rumfuna a gefe, masu Keke Napep suna wanke kekunansu inda muke sauke buhu. Yaran wurin ba su taɓa jin kukan jirgi ba sai a waya. Ba na jin zai yi baƙin ciki yadda mutane ke zato. Zai zagaya ne hannu a baya, ya duba wane ƙarfe ne ya rage, ya cika aljihu da tsakuwa. Rediyo kan ce jirgi zai dawo. Shi irin wannan magana ba ya musa ta, ba ya kuma gaskata ta. Yakan ce sai ya ji layi yana rawa a tafin ƙafarsa.

Ɗansa Iliya, da ke aiki a Abuja, ya taɓa nuna mini a waya yadda Turawa ke irin wannan gini. Ɗaki guda cur, jirage suna wucewa ta cikin dutse, fitilu suna kamawa da kansu. Ciyawa ma a leda suke sayenta. Na san Dauda zai zauna ya kalla har batirin wayar ya mutu, zai yaba aikin layinsu, don ya san aiki in ya gani. Bayan nan zai tambaya su waye mutanen da ke tsaye a dakalin, a ce masa ba kowa ba ne, daga kamfani suke. A nan za su rabu.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Zuwana na ƙarshe yana kwance a ɗakin tashar, don ya ce a mayar da gadonsa can. Ya daɗe yana kallon ɗakin siginar da na yi masa da gwangwanin sardin.

"Bakwai, ni wa zai yi ni?"

"Ka yi kanka tun yanzu ka ajiye."

"Ba a sa mai rai."

"To sai ka daɗe, Masta."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Bai daɗe ba.

Bayan an share makoki Maman Iliya ta zo rumfata da kanta. Ta kwance bakin zaninta ta ajiye mini ƙyallen kaki, ta yanko daga rigar aikinsa. Na ce ta san ba na yin mutum. Ta ce ta sani, in dai ajiye. Na sa shi a gwangwani na rufe. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Aka lulluɓe tashar da tsohon zani. Duk ƙarshen damina nakan je in buɗe, in kaɗe ƙura, in duba gara, in manna abin da ya ɓalle. Kowa yana wurinsa. Gaban ɗakin sigina ne kawai fili.

Bana abu biyu suka haɗu. Iliya ya gama gini a Tirwun, nan bayan gari, zai mayar da uwarsa can. Idonta kuma yana tafiya. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke mutuwa, ɗan abin da ya rage ba zai jima ba. Na je duba ta, ta gane ni da murya kafin ta gane ni da ido.

"Malam Sale, kowa yana tasha, har mai shara. Mijina ne kawai babu. Ina so in gan shi a wurin kafin idon nan ya rufe."

Na ce na ji.

Iliya ya yi ƙoƙarinsa. Ya yi odar mutanen roba ta waya, suka iso a ƙaramin kwali daga ƙasar waje. Aiki ne mai kyau, har kunne da maɓallin riga. Akwai Bature da jaka, akwai mace da kare, akwai wani mai hular ma'aikatan jirgi. Wannan ɗin ya zaɓa, ya shafa masa baƙin fenti a fuska da hannu, ya kai mata. Ta kawo shi dab da idonta na dama, ta juya shi.

"Wannan ɗan wa ne?"

"Mama, Baba ne."

"Babanka bai taɓa tsayawa ƙiƙam haka ba ko a gaban Masta na gaske."

Ta mayar masa. Ya nemo wani mai sassaƙa da ke yi wa coci aiki, ta tambaya ko ya taɓa ganin Dauda a tsaye. Bai taɓa ba. Ta ce to me zai sassaƙa. Daga nan Iliya ya zo rumfata ya tsuguna. Ban ga laifinsa ba, uwarsa ce.

"Baba, sau ɗaya ne. Allah ya san zuciyarka."

"Ya sani. Shi ya sa."

Duk da haka na je wurin limamin unguwarmu na faɗa masa komai. Ya ce malamai sun yi sassauci a kan 'yar tsanar yara, in abin wasa ne akwai hanya. Na ce ba abin wasa ba ne. Ya ce to ai na ba kaina amsa. Na dawo inda nake. Ni kaɗai na rage wanda ya san tsayuwar Dauda kuma yake da hannun yi, ni ne kuma ba zan yi ba. Ita kuma kullum hasken yana raguwa.

Ranar tashi muka raba ƙyauren biyu, muka ɗora a bayan a-kori-kura, na zauna a tsakiya ina riƙe da su. Hanyar Tirwun akwai gargada. Wani rami da muka faɗa, ƙwaryar Hajara ta ɓalle ta gangaro ta tsaya a jikin ƙafata. Na ɗauka na riƙe a tafin hannu har muka isa. Da na zo mayar da ita gindin bishiyar, na tsaya ina kallon wurin da babu kowa. Shekaru ina ganin abin nan. A ranar ne na ga aikin da ke gabana.

Ɗan ƙaramin keke na fara yi, ya ba ni wuya fiye da duk abin da na taɓa ƙerawa. Tayarsa ba ta fi maɓallin riga ba. Na naɗa wayar tagulla a jikin biro na fitar da zobe biyu. Wayoyin cikin taya silin wayar rediyo ne, ɗaya-ɗaya nake ɗora su da hantsaki in ɗiga dalma. Hannun da ke riƙewa yatsu biyu gare shi, idon da ke dubawa ya tsufa, sai da na haɗa tabarau biyu na kasuwa ɗaya a kan ɗaya. In dalma ta yi yawa taya ta zama dunƙule, in ta yi kaɗan ta watse. Na zubar da da yawa. Masu zuwa sayen mazurari suka gaji suka koma rumfar gaba.

Ba kowane keke nake yi ba, nasa ne. Fedarsa ta hagu ta karye tun da daɗewa, ƙarfen tsakiya kawai yake takawa, haka na bar ta. Kariyar kuma a lanƙwashe take ta gefen dama tun ranar da ya ɗauke ni zuwa asibiti. Bai taɓa gyara ta ba. In an yi masa magana sai ya ce Bakwai ne ya lanƙwasa, shi zai gyara. Ni kuma na ce ban sa shi ya ɗauke ni ba. Da na gama ƙaramar kariyar ta fito a miƙe, na sa hantsaki na lanƙwasa ta.

Sannan na buɗe gwangwani na ɗauko ƙyallen. Na yanka riga da reza, hannu biyu da wuya, babu kowa a cikinta. Riga ba ta numfashi. Ƙofar ɗakin sigina tun asali a like na yi ta da dalma. Na narke dalmar, na yi mata maratayi da waya yadda za ta motsa, na kafa tsinin allura a jikinta ya zama ƙusa.

Ban gaya wa kowa abin da na yi ba. Mijinta ta ce in kawo, ni kuma keke na kawo. In ta juya shi ta ce na wa ne, ba ni da wani abu a bayansa.

Ranar cikar shekarar rasuwarsa ta faɗo Lahadi. Sukan yi addu'arsu a gida bayan an taso coci, ni kuma nakan zo in sun gama, a zuba mini shinkafa. Haka aka yi. Da mutane suka ragu na shiga ɗakin da aka ajiye tashar, na jingine keken, na rataye rigar, na bar ƙofar a ɗan buɗe. Muka ja ƙyauren kusa da taga inda rana ke shigowa. Iliya ya kamo hannun uwarsa.

Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tankin ruwa. Ban san iyakar abin da take gani ba. Yatsa ta sa. Ta fara daga tankin, ta bi layi, ta taɓa mai tikiti ta faɗi sunansa, ta taɓa mai usur, ta wuce benci, ta shafa ƙwaryar Hajara ta ce Allah ya ji ƙanta. Ta iso ɗakin sigina. Yatsan ya tsaya a gaban ƙofa, inda mutum zai tsaya. Ya zagaya wurin. Babu kowa. Na ga bakinta ya motsa. Iliya ya ɗago ya dube ni, ni kuma ina kallon yatsan.

Sai ya matsa gefe ya taɓa taya. Ya hau sirdi, ya sauka a kariya, ya tsaya a nan.

"Malam Sale, har yanzu ba ka gyara masa kariyar nan ba."

"Ban gyara ba."

Yatsan ya hau bango ya sami rigar. Ta murza ƙyallen a hankali, ta san shi, ita ta yi ta wanke shi. Sannan farcenta ya taɓa ƙofar, ƙofar ta motsa. Ta daɗe a sunkuye. Da ta miƙe sai ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Mutumin nan," ta ce, "har yau bai tashi daga aiki ba."

Iliya ya ga ƙofar ta karkace, ya miƙa hannu zai tura ta. Ta buge hannun.

"Bar masa. Ɗakin nan akwai zafi."

Idon nata yanzu ya kusa rufewa gaba ɗaya. Iliya ya ce da safe takan shiga ɗakin ta taɓa ƙofar, ta tabbatar ba a rufe ba, sannan ta karya kumallo.

Ba na ruɗin kaina a kan abin da zai saura. Kara abincin gara ne, gwangwani kuma tsatsar da na sa masa da hannuna ba ta daina ci ba. Jirgin mai batir ya daina tafiya tun Dauda yana da rai. 'Ya'yan Iliya suna son kallon tashar, amma mutanen da ke tsaye a dakalin ba su san ko ɗaya ba. Ranar da ni da Maman Iliya muka kau, mai tikiti zai zama guntun kara da ƙyalle. Wataƙila a ajiye ƙyauren don kunya, wataƙila a bukaci ɗakin.

Abin da na san ya rage shi ne abin da na gani da idona. Mutum ya zauna da ni shekaru masu yawa, addininmu ba ɗaya ba, muna aiki a kan katako ɗaya. Bai taɓa neman in taka abin da na ce ba na takawa ba, shi ma bai sauka daga nasa ba, kuma tashar ta ginu. Da matata ta mutu ya sama mata wuri ba tare da ya ɓata mini ba. Hanyar da ya bi da ita na bi da shi. Ban ƙirƙiri komai ba.

Da zan bar Tirwun ranar, Iliya ya rako ni bakin titi. Ya yi ta juya magana, sannan ya tambaya, in tawa ranar ta zo, me za a sa. Na riga shi tunani. Na ciro kwalin ashana daga aljihu na ba shi. 'Yar guduma ce a ciki, irin tawa, na yi ta da kan ƙusa a ranakun da nake yin keken. Na ce ya ajiye, ba yanzu ba, ba a sa mai rai. In lokacin ya yi, ya ɗaure ta a kariyar keken. Na taɓa zama a wurin. Ya kai ni inda za ni.